Zaren Karbon: Tarihinsa da Yadda Ake Toya Shi Daga Akirilik

Zaren karbon wani baƙin zare ne siriri wanda fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa sinadarin karbon ne, wato abin da ya yi gawayi da kuma girafit ɗin da ke cikin fensir. Kaurin sili guda yana tsakanin mikiron 5 zuwa 7, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, saboda haka gashin kan mutum ya ninka shi kauri kusan sau goma. Ba a amfani da sili ɗaya shi kaɗai. Ana tara dubbai a dami guda, a jera su ko a saƙa su kamar tabarma, a jiƙa su da ƙaron epoksi, a gasa har su daskare su zama allo ko bututu ko fiffiken jirgi. Dabarar ɗaya ce da ta magina da ke kwaɓa ƙasa da ramno: zaren ne ke ɗaukar ja, ƙaron kuma yana riƙe zaren a inda aka aza shi.

Darajarsa tana cikin haɗuwar ƙarfi da rashin nauyi. Damin zaren T300, wanda aka fi daɗewa ana sayarwa, idan faɗin bakinsa ya kai milimita murabba'i ɗaya, yana ɗaukar kusan kilo 360 kafin ya tsinke, alhali rodin gini mai wannan faɗin ba ya wuce kilo 50 zuwa 60. Ga shi kuma nauyin zaren bai kai rubu'in nauyin ƙarfe ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na zaren karbon da ake yi a duniya daga farin zaren akirilik ake toya shi, wanda masana ke kira poliyakirilonitiril, PAN a taƙaice. Dangin zaren nan ne ake yin barguna da rigunan sanyi da ulun saƙa da ke cika rumfunan Babbar Kasuwa da Katako a Yamai idan hunturu ya kama. Tarihin zaren karbon, idan aka bi shi a hankali, tarihin gyaran wannan farin zare ne, domin duk aibin da ke cikinsa wuta ba ta goge shi, sai dai ta tabbatar da shi.

Zaren cikin fitila

An fara ƙona zare ya zama karbon ne saboda neman haske. Joseph Swan, wani masanin haɗa magunguna a Ingila, ya daɗe yana gwada ƙona takarda a rufe don samun abin da zai yi ja idan wutar lantarki ta bi ta cikinsa, kuma ya nuna fitilarsa a Newcastle a farkon 1879. A watan Oktoba na wannan shekarar, Thomas Edison a Menlo Park ta Amurka ya ƙona zaren auduga a cikin rufaffen mazubi, ya sa shi cikin ƙwan gilashi da aka zuƙe wa iska, fitilar ta yi fiye da awa 13 tana ci. A 1880 ya koma ga gora, musamman wadda ake sarowa daga Yawata kusa da Kyoto a Japan, fitilunsa suka riƙa wuce awa 1,000.

Hikimar da ke ciki tsohuwa ce a wurin masu yin gawayi. Itacen da aka ƙona a fili toka yake zama. Wanda aka binne da ƙasa aka hana shi iska kuwa, ruwa da hayaƙi ne ke fita, karbon ya rage da siffar itacen, kamar gawayin ƙirya da maƙera suka fi so. Zaren fitila ya riƙe siffar zare, amma ba shi da ƙarfi, taɓa shi kaɗan sai ya karye. Da aka gano yadda ake jan ƙarfen tungsten ya zama waya wajen 1910, sai aka yi watsi da shi. Abin da Swan ya bari wanda ya fi fitilar tasiri a wannan labari shi ne dabarar da ya yi wa rajista a 1883, ta matsa narkakken sinadari ta ƙananan huji ya fito zare. Da wannan dabarar ake kaɗa zaren roba har yau.

Haihuwar akirilik

Charles Moureu, masanin kimiyya Bafaranshe, shi ya fara haɗa ruwan akirilonitiril a 1893. Idan aka sa ƙwayoyin wannan ruwa suka kama juna bi da bi, sukan zama doguwar sarƙa, wato PAN, wadda ke fitowa kamar farin gari. Garin ya yi shekaru ba a san abin da za a yi da shi ba, domin ba ya narkewa a wuta, yakan lalace kafin ya kai ga narkewa, kuma ruwan narkarwa da aka saba da su ba sa cin sa. A farkon shekarun 1940 Herbert Rein na kamfanin IG Farben a Jamus da Ray Houtz na DuPont a Amurka, kowa a nasa ɓangaren, suka gano ruwan da ke narkar da shi. DuPont ta fara sayar da zaren da sunan Orlon a 1950, Bayer ta biyo da Dralon a 1954, Courtaulds ta Ingila kuma ta fito da Courtelle.

Abu biyu suka faru a wannan zamani da suka share hanya. Na farko, Houtz ya lura cewa idan aka daɗe ana gasa Orlon a iska a wajen digiri 200 na ma'aunin Selsiyus, yakan yi baƙi ya daina kama wuta, har aka riƙa kiransa baƙin Orlon. Na biyu, kamfanin mai na Sohio ya ƙirƙiro hanyar haɗa akirilonitiril kai tsaye daga iskar furofilin ta matatar mai da amoniya da iskar shaƙa, ya buɗe masana'anta a Lima ta jihar Ohio a 1960. Farashin ya faɗi warwas, akirilik ya zama kayan talaka, masaƙu a ƙasashe da dama suka ƙware a kaɗa shi.

Amurka ta bi ta rayon

A 1958 Roger Bacon, wani matashin masanin kimiyya a cibiyar binciken kamfanin Union Carbide da ke Parma kusa da Cleveland, yana nazarin yanayin da girafit ke narkewa cikin tartsatsin lantarki, sai ya tarar da wasu ƴan siraran gashi na karbon a cikin abin da ya daskare. Da ya auna su, ƙarfinsu ya ninka na ƙarfe mai kyau sau da yawa. Shi da kansa ya ƙiyasta cewa yin su ta wannan hanya zai ci dala miliyan 10 a kan nauyin da bai kai rabin kilo ba. Duk da haka gashin ya nuna iyakar abin da karbon zai iya idan faya-fayensa suka jeru a tsawon zare.

Lokacin yaƙin cacar baki ne, sojan saman Amurka na neman abin da zai jure zafin bakin roka. Union Carbide ta koma ga rayon, zaren da ake yi daga itacen da aka dafa aka narkar, ta fara sayar da ƙyallen karbon daga 1959. A 1964 Bacon da Wesley Schalamon suka gano cewa idan aka ja zaren yana cikin zafin da ya haura digiri 2,800, faya-fayen sukan miƙe ya yi tauri, daga nan aka samu zaren Thornel 25. Hanyar tana da tsada ƙwarai. Jan zare a irin wannan zafi yana cin tanderu, kuma rayon ba ya barin fiye da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa bayan toyi.

Osaka da Farnborough

A 1959 Akio Shindo, mai bincike a cibiyar gwamnati ta nazarin masana'antu da ke Osaka, ya ga labarin kayan karbon na Amurka a jarida, sai ya shiga gwada zaruruwa iri-iri a tanderu. Ya tarar PAN ya fi sauran. Kashi 68 cikin 100 na nauyinsa karbon ne tun asali, kuma idan aka fara gasa shi a iska kafin a kai shi babban zafi, fiye da rabin nauyinsa yana tsira. Ya nemi rajistar dabarar a 1959, ya buga cikakken rahoto a 1961. Zarensa ya fi na rayon na lokacin, amma bai kai taurin da masu ƙera jirage ke nema ba.

Sauran aikin a Ingila aka ƙarasa shi. A cibiyar binciken jiragen sama ta gwamnati da ke Farnborough, William Watt da William Johnson da Leslie Phillips suka fara aiki a 1963 da zaren Courtelle. Sun lura cewa zaren akirilik yana tsukewa idan ya ji zafi, sarƙoƙin da aka miƙar wajen kaɗi su koma su cukurkuɗe. Sai suka naɗe shi tam a jikin firam suka hana shi tsukewa yayin gashin farko. Da sarƙoƙin suka daskare a miƙe, faya-fayen karbon da suka fito daga gare su ma suka jeru a tsawon zaren, ba tare da an ja shi a zafi mai tsanani kamar rayon ba. Sun nemi rajista a 1964, hukumar gwamnati mai kula da sababbin ƙirƙire-ƙirƙire ta ba kamfanoni uku lasisi: Courtaulds da Morganite da Rolls-Royce. Duk masana'antar da ke toya PAN a yau tana tafiya ne a kan waɗannan ginshiƙai biyu, gashin iska na Shindo da riƙon zare na mutanen Farnborough.

Gaggawar Rolls-Royce

Ingila ta ga kamar ta samu abin da za ta wuce Amurka da shi. A watan Maris na 1968 Rolls-Royce ta ci kwangilar yi wa jirgin TriStar na kamfanin Lockheed inji mai suna RB211, ta kuma yi alkawarin cewa manyan fukafukan fankar gaban injin za su kasance na haɗin zaren karbon da ta sa wa suna Hyfil, don rage nauyi. Fukafukan sun jure juyi, amma ruwan sama da tsakuwa suna cin bakinsu. A 1970 aka yi gwajin da ake yi wa kowane injin jirgi, na harba masa gawar tsuntsu yana gudu, fukafukan suka tarwatse. Zaren yana da ƙarfi a tsawonsa, amma bugu daga gefe yana raba faya-fayen haɗin da juna, ƙaron wancan zamani kuma mai saurin tsagewa ne.

Dole kamfanin ya koma ga fukafukan ƙarfen titaniyum, ga ƙarin nauyi ga ɓata lokaci, a kan wasu matsalolin injin da kuɗin da suka riga suka zarce lissafi. Ranar 4 ga Fabrairu 1971 Rolls-Royce ta durƙushe, gwamnatin Ingila ta Edward Heath ta karɓe ta. Injin RB211 ya zo ya yi suna daga baya, amma zaren karbon ya yi baƙin jini a Ingila na tsawon shekaru. Morganite ta janye. Courtaulds ta ci gaba da sayar da zarenta na Grafil, galibi ga masu kayan wasanni, har ta bar harkar a 1991.

Masaƙan Japan

Waɗanda suka ci gajiyar abin kamfanonin zare ne na Japan: Toray da Toho Rayon da Mitsubishi Rayon. Toray, wadda aka kafa a 1926 da sunan Toyo Rayon, tana kaɗa akirilik na tufafi tun shekarun 1960. A 1970 ta karɓi lasisin dabarar Shindo, ta kuma yi musayar ilimi da Union Carbide: ita ta ba da sirrin farin zare, aka ba ta na tanderu. A 1971 ta fara sayar da T300 da sunan Torayca, tana yin tan ɗaya a wata.

Babu jirgin da ke jiran wannan zare, saboda haka aka nemi kasuwa a inda mai saye zai biya tsada don ragin ƴan giram. A 1972 aka fito da sandunan kamun kifin ayu, wanda Japanawa ke kamawa da sanda mai tsawon mita da yawa da ake riƙewa yini guda. A shekarar ce ɗan wasan golf na Amurka Gay Brewer ya ci gasar Taiheiyo a Japan da sanda mai jikin karbon, masu wasan suka yi rububin saye. Raket ɗin tanis ya biyo baya. Kayan wasa ne suka riƙe tanderun suna ci shekara da shekaru, sashen bai kawo ribar kirki ba, amma injiniyoyi suna ta rage ƙura da kumfa da tabo a cikin farin zare. Da yaƙin cacar baki ya ƙare odar soja ta ragu a farkon shekarun 1990, kamfanonin Turai da Amurka da dama suka sayar da sassansu ko suka rufe, na Japan suka zauna. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa.

Kaɗin farin zare

Aikin yana farawa da haɗa sarƙar PAN. Akirilonitiril ne mafi yawan abin da ke ciki, amma ana ƙara ɗan kaɗan na wasu sinadarai, kamar asid ɗin itakonik, wanda ke sa gashin farko ya fara da wuri kuma a hankali, da metil akirilat, wanda ke sa zaren ya yarda a ja shi. Ana narkar da sarƙar ta zama ruwa mai kauri da yauƙi kamar zuma. Kowane kamfani da ruwan narkarwarsa: Toray tana amfani da wani sinadari mai suna DMSO, Toho da ruwan gishirin zinki, Courtaulds kuma da wani gishirin sodiyum ta yi aiki. Ana tace wannan ruwa sau da yawa, a cire masa kumfa, domin ƙwayar ƙura guda a cikin silin da bai wuce mikiron 7 ba ta isa ta zama wurin tsinkewa.

Daga nan a matsa shi ta wani faifan ƙarfe mai dubban huji, kamar yadda injin taliya ke fitar da ita, ya faɗa cikin kwamin ruwa inda ruwan narkarwar ke fita zaren ya daskare. Idan daskarewar ta yi sauri, bayan silin ya yi ɓawo cikinsa ya yi ramuka, don haka ana daidaita sanyin kwamin da ƙarfin ruwansa da kyau. A wata hanyar ana barin ƴar tazarar iska ta ƴan milimita tsakanin faifan da ruwan, abin da ke ba da sili mai santsi da ƙarfi. Sai a wanke, a ja shi cikin ruwan zafi da tururi tsakanin gangunan juyi, na gaba yana gudu fiye da na baya, har tsawonsa ya ninka sau goma ko fiye. A shafa masa man silikon don kada silin su manne da juna a wuta, a busar, a naɗe. Ana kiran dami da yawan silinsa: 3K mai sili 3,000, 12K mai 12,000, har zuwa 50K. A wannan mataki kamfanoni suka fi ɓoye sirrinsu.

Toyi

Tanderun farko shi ne mafi wuya. Zaren yana shiga yana fita cikin iska mai zafin digiri 200 zuwa 300, yana kai da komo a kan ganguna a miƙe, na tsawon awa ɗaya zuwa biyu. Launinsa yana sauyawa daga fari zuwa ruwan ɗorawa, zuwa ruwan ƙasa, zuwa baƙi. A cikinsa, kowace sarƙa tana da ƴan rassa na karbon da naitirojin, wato azot, a jere a gefenta. Zafi yana sa kowane reshe ya kama na kusa da shi su yi zobba masu kusurwa shida, sarƙar ta koma kamar tsani, iskar oksijin kuma ta shiga ta ɗaure tsanukan. Daga nan zaren ba ya narkewa ba ya kama wuta. Haɗarin shi ne wannan sauyi da kansa yana fitar da zafi. Idan aka yi gaggawa ko dami ya yi kauri, zafin yakan taru a tsakiya zaren ya kama da wuta a cikin tanderu. Idan kuma aka rage lokaci, tsakiyar silin ba ta nuna, sai ta ƙone ta bar rami a mataki na gaba.

Tanderu na biyu da na uku babu iskar shaƙa a cikinsu, naitirojin zalla ake hurawa. Na biyu yana kaiwa wajen digiri 700 zuwa 800, inda mafi yawan hayaƙi da kwalta ke fita. Na uku yana kaiwa 1,000 zuwa 1,500, kuma ƴan mintoci suka isa. Tsanukan suna haɗuwa gefe da gefe su zama faya-faye masu kama da saƙar zuma, dogaye kamar ƙyalle, a murɗe a cukuikuye da juna amma suna bin tsawon zaren. Ruwa da amoniya da iskar sayanayid mai kisa suna fita, dole a ƙone hayaƙin a wani tanderu dabam kafin a sake shi. Kusan rabin nauyin ya tafi ke nan, kilo biyu na farin zare ke ba da kilo ɗaya na baƙi. Wanda ake so ya fi tauri, kamar na tauraron ɗan'adam, ana ƙara kai shi digiri 2,000 zuwa 3,000, karbon ɗinsa ya kai kashi 99 cikin 100, faya-fayen su ƙara miƙewa, sai dai yakan fi saurin karyewa.

Zaren da ya fito tanderu yana da santsin da ƙaro ba ya kama shi. Ana bi da shi ta cikin ruwan gishiri mai ɗauke da wutar lantarki don a ɗan cinye bayansa, a shafa masa siririn ƙaro mai kare shi daga gogayya, a naɗe. Layin gaba ɗaya yakan wuce mita ɗari, yana gudu dare da rana, kuma yankewar wuta na ɗan lokaci yana lalata duk zaren da ke ciki. Kilomita guda na damin 12K na T300 giram 800 ne kacal. Da irin wannan tanderu, gyaran farin zare ya ɗaga ƙarfi daga kilo 360 na T300 zuwa kusan kilo 700 a zaren T1100 da Toray ta fitar a 2014.

Komawa sama

Masu ƙera jirage sun koyi darasin Hyfil, suka shigo da zaren sannu a hankali, daga ƙananan sassan da ko sun lalace jirgi ba zai faɗi ba. Airbus ta yi tsayayyar wutsiyar A310 da shi a 1985. Boeing 777, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 1995, wutsiyarsa da azarun daɓensa na zaren T800 na Toray ne, da sabon ƙaro mai jure bugu. A tseren motoci, John Barnard ya zana wa McLaren motar MP4/1 mai gangar jikin karbon a 1981. A shekarar ce direbanta John Watson ya yi mummunan haɗari a Monza ya fito da ƙafarsa, masu cewa karbon zai farfashe kamar gilashi suka yi shiru.

Boeing 787, wanda ya fara tashi a Disamba 2009 ya shiga aiki a 2011, rabin nauyin jikinsa haɗin zare da ƙaro ne, har da gangar jiki da fukafukai. Airbus A350, wanda ya shiga aiki a Janairu 2015, kashi 53 cikin 100 ne. Ethiopian Airlines, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke sauka filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai, ita ce ta fara karɓar 787 a Afirka a Agusta 2012, ta kuma fara karɓar A350 a 2016.

A gefe guda an samu kasuwar zare mai rahusa. Kamfanin Zoltek na Amurka ya sayi wata tsohuwar masana'antar akirilik a Hungary a 1995, ya riƙa toya manyan dammuna masu sili 50,000, waɗanda ake yi wa fukafukan injinan wutar iska ƙashin baya da su. Toray ta saye shi a 2014. Aksa ta Turkiyya, babbar mai yin akirilik na tufafi a Yalova, ta shiga harkar, ta haɗa gwiwa da kamfanin Dow a 2012. Kamfanonin Sin irin su Zhongfu Shenying da Jilin da Guangwei sun faɗaɗa ƙwarai a shekarun baya-bayan nan. Wajen 2020 abin da duniya ke saye a shekara ya haura tan 100,000.

Inda zaren ya haɗu da Nijar

Nijar ba ta da masana'antar zaren karbon ko ta akirilonitiril. Matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, fetur da gazuwal da gas ɗin girki take fitarwa. Kuma tanderun da ba ya son yankewar wuta yana bin inda lantarki ke da yawa da araha, shi ya sa kamfanonin BMW da SGL suka kafa tasu masana'antar a Moses Lake ta Amurka, kusa da madatsun kogin Columbia.

Alaƙar da ta fi ƙarfi ta bi ta yuraniyum. Kamfanin SOMAÏR ya fara haƙa a Arlit a 1971, kamfanin COMINAK kuma ya yi aiki a Akouta daga 1978 zuwa 2021, an kuma yi shekaru da dama ana kai wannan ma'adini Faransa. Kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na yuraniyum ɗin ƙasa yake irin da ke ba da wuta, tashoshin lantarki kuwa suna bukatar kashi 3 zuwa 5. Ana tace shi ne ta mai da shi iska a zuba cikin dogayen bututu masu juyawa kamar majajjawa, mai nauyi ya koma gefe, marar nauyi ya rage a tsakiya. Iyakar gudun bututun tana ga ƙarfin jikinsa idan aka gwada da nauyinsa. Na aluminiyum yana tsayawa a mita 400 da ɗoriya cikin daƙiƙa, na ƙarfe na musamman 500 da ɗoriya, na zaren karbon kuwa yana wuce 600. Masana'antar Georges Besse II da ke Tricastin a Faransa, wadda ta fara aiki a 2011, da irin waɗannan majajjawa take tacewa, kuma wutar da take ci ba ta wuce kashi ɗaya cikin hamsin na abin da tsohuwar da aka rufe a 2012 ke ci ba. Saboda wannan amfani, da kuma na jikin makamai masu linzami, zare mai ƙarfi da injinan yin sa suna cikin kayan da yarjejeniyar Wassenaar ta 1996 da ƙungiyar ƙasashe masu sayar da kayan nukiliya suka sa wa takunkumi, ba a fitar da su daga ƙasa sai da izinin gwamnati.

Abin da ya rage

Tsada ce babbar matsalar da ba a warware ba. Kilo guda na zaren masana'antu yana cin daloli da yawa, na jiragen sama ya ninka haka, alhali kilon ƙarfe bai kai dala ɗaya ba a kasuwar duniya. Kusan rabin kuɗin na farin zare ne, saura kuma na wuta da tanderu. BMW ta gwada motar i3 mai gangar jikin karbon daga 2013, amma sauran masu ƙera motocin jama'a ba su bi ta ba. Cibiyoyin bincike kamar Oak Ridge a Amurka da jami'ar Deakin a Ostareliya suna gwada akirilik na tufafi da lignin na itace, suna kuma neman hanyar gajarta gashin farko. Zaren da ake yi daga kwalta, wanda Sugio Otani na jami'ar Gunma ya fara a shekarun 1960, ya samu gurbinsa a inda ake son matuƙar tauri, amma bai kai PAN jure ja ba.

Haɗin karbon yana da wasu halaye da dole mai aiki da shi ya sani. Ƙarfe yakan lanƙwashe ya yi gargaɗi, shi kuwa yana iya tsagewa a ciki bayansa lafiya lau, sai an bi shi da na'urar sauti ake gani. Yana ɗaukar wutar lantarki, don haka ƙurarsa tana lalata injinan lantarki, kuma idan ya taɓa aluminiyum cikin danshi yana sa shi ya ci. Ƙaron epoksi da ya daskare ba ya sake narkewa, shi ya sa sake sarrafa tsofaffin fukafukai ke da wuya. Hanyar da aka fi bi ita ce a gasa su a wajen digiri 500 ba tare da iska ba, ƙaron ya tashi ya bar zaren. Zaren da aka ceto yana riƙe mafi yawan ƙarfinsa, amma yana fitowa guntu-guntu a hargitse, sai dai a cuɗa shi da roba a yi jikin kwamfuta da ƙananan sassan mota.